Bargon Azurfa a Bakin Rafin Fagam

Ranar da Hadi ya fara ganin Ruƙayyatu, hannunta kawai ya gani, yana ɗagowa yana nutsewa a tsakiyar ruwa.

Damina ce, a shekarun da arzikin mai ya sa ake ta shimfiɗa tituna. Hadi ɗan Wurno ne, direban tifa a kamfanin da ke aikin hanyar Gwaram. Tun safe ake tafka ruwa da iska, rafin kusa da Fagam ya cika ya yi jawur. Yana tsaye jiran ya janye, sai ya ji masu tallan nono na kururuwa, ga ƙore na yawo bisa ruwa.

Bai tsaya shawara ba, ya faɗa. Da ƙyar ya fito da ita.

Ta amayar da ruwa, tana numfashi, amma jikinta sanyi ƙalau, haƙoranta na kaɗawa. Itace duk ya jiƙe, ba halin hura wuta. Can sai karkarwar ta tsaya, leɓɓanta suka yi duhu, ta fara lumshe ido.

"Alhamdu lillahi, ta samu sauƙi," in ji wata mata.

Hadi ya san ba sauƙi ba ne. Malamar jinyar kamfani ta taɓa gaya musu, in mai jin sanyi ya daina karkarwa alhali bai ɗumama ba, mutuwa ce ke matsowa.

Ya ruga mota, ya zaro wani abu a ninke daga akwatin magani. Da ya warware sai ga bargo siriri mai ƙyalli, kamar azurfar cikin kwalin sigari. Ya miƙa wa Inna Hapsatu, uwar yarinyar, tare da wata busasshiyar rigarsa da ya ɗauko a mota.

"Inna, ku cire mata jiƙaƙƙun kayan, ku naɗe ta da wannan har ka. Fuska kawai za ku bari."

Ya juya musu baya har suka gama.

A hanyar asibitin Birnin Kudu bai bar ta ta yi barci ba.

"'Yan mata, faɗa mini sunayen shanunku."

Ta dinga jerowa a hankali, murya na sarƙewa. Da ya ji bargon ya soma ƙara saboda karkarwarta ta dawo, sai ya share ƙwalla da bayan hannu.

Zuwa dubiya ya zama zuwa zance. Tana ce masa Mai Azurfa, yana ce mata Hasken Fagam.

Amma Maikano, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, ya shiga baza magana: ai yarinyar ta riga ta cika, baƙon nan ya naɗe ta da likkafanin aljanu ta tashi, yanzu kurwarta na hannunsa. Aka daina sayen nononta. Malam Buba, mahaifinta, ya hana Hadi taka rugarsa.

Wata ranar kasuwa ƙawarta ta tsai da tifarsa ta isar masa da saƙo:

"Ta ce: Mai Azurfa, da an yi girbi Baba zai kai ni kudu wajen danginsa. Ba mai cin abinci da ni ƙwarya ɗaya. Ni kaina na fara tsoron ko gaskiya ne. In kurwata na hannunka, don Allah ka riƙe ta da kyau."

Da la'asar ya nufi rugar. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, shanu na ta kuka. Samari suka kewaye shi, kowa da sanda a kafaɗa, Maikano a gaba.

Hadi ya durƙusa gaban Malam Buba, ya shimfiɗa bargon. Mutane suka ja da baya.

"Baba, ba wuta a cikinsa, ba rubutu. Jikin mutum kamar tukunyar da aka sauke ne, zafinta fita yake. Wannan murfi ne kawai. Yana tare iska, yana mayar wa mutum ɗumin jikinsa. Da a ce ta mutu, ba abin da zai mayar mata."

"Ƙarya ne!" Maikano ya daka tsawa. "Ko shi ya rufa don mu gani, ai bargon ba zai cuci ubangidansa ba."

Malam Buba ya daɗe yana duban abin. Sannan ya yi bismilla, ya ɗauka ya lulluɓa da kansa.

"Malam!" Inna Hapsatu ta dafe ƙirji.

"In wani abu ya same shi," Maikano ya ce a kunnen Hadi, "ba za ka fita da rai ba."

Tsawa na rugugi, bargon na ƙara. Tsoho ya rufe ido bai motsa ba. Hadi na jin numfashin samarin a ƙeyarsa. Can gumi ya tsattsafo a goshin dattijon, ya gangaro cikin gemu.

"Kai, ku cire mini abin nan, zan dahu!"

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Malam Buba bai yi ba.

"Ke nan ɗumin da ya tashe ta, nata ne?"

"Nata ne, Baba, da ikon Allah."

Malam Buba ya kira Ruƙayyatu ta kawo ƙwaryar nononta. Ya kafa kai ya sha, ya miƙa wa Maikano. Maikano ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Bayan girbi aka ɗaura aure a Fagam. Malam Buba ya riƙe hannun ango ya ce, "Na ba ka amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari." Jama'a suka amsa da amin.

Da aka kai amarya Wurno, 'yan rakiya suka watse, Hadi ya ɗaga mayafinta.

"Mai Azurfa," ta ce ƙasa-ƙasa, "hannunka rawa yake."

"Tsoro nake kada ya zama mafarki ne a tashe ni, Haskena."

Ta haɗa tafukanta ta rufe nasa.

"Ba mai tashinka. Na zo ke nan."