Jar Waya a Cikin Riga

Ƙarfe tara na safe aka buga wa caji ofis na garin Labasa waya cewa wata motar rake ta kama da wuta a gangaren Seaqaqa, direba yana ciki. Kafin sha ɗaya Insfekta Viliame Rokotuni yana tsaye a ƙofar shagon Premila Goundar, mai gyaran wayar mota.

Premila ta ajiye ƙarfen dalma. Ta san motar. Ranar Litinin ta gama sake wayoyin injinta kaf, da na wata motar irinta, duka biyun na Deo Narayan ne. Direban ma ta san shi, Semesa, mai kawo mata gwanda daga gonarsu.

"Ƙanwata, ɗauko kayan aikinki," in ji Insfekta. "Mai motar ya ce ban da ke ba wanda ya taɓa injin nan."

Suka shiga motar 'yan sanda. Tana ta bin wayoyin a zuci, ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda ta yi kuskure. Idan aikinta ne, to ita ta kashe mutum, kuma daga nan gidan yari za ta kwana.

An riga an ɗauke gawar. Wurin yana warin ƙonannen sukari da roba. Deo yana gefen titi, dattijo mai tumbi, yana ta danna waya yana kai ta kunne yana saukewa. Da ya hango Premila ya ɗaga murya, wai tun farko an gargaɗe shi kada ya ba mace inji.

Insfekta ya sa Kofur Litia ta ɗaga bonet, ya ce Premila ta faɗi abin da take gani.

Kusan komai ya narke. Sai kusa da batir, inda laka ta rufe, ta sami ragowar rigar saƙa da take zura wayoyi a ciki. Ta goge da yatsa. An tsaga rigar ta tsaye, an cusa wata waya a ciki wadda ta ƙone baƙi ƙirin, an rufe bakin da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi.

Ta yi bayani murya ƙasa-ƙasa. Ita kan zura riga ne kafin ta haɗa kan waya, ba ta taɓa tsagawa. Robar kuma da injin hura zafi take tsuke ta, ta fito sumul. Wannan ta yi baƙin hayaƙi da ƙuraje, da laita aka gasa ta.

"Kowane makaniki haka yake cewa, ba aikinsa ba ne," in ji Insfekta.

"Yallaɓai, wayar nan ko fis mai yanke wuta idan ta yi yawa ba ta da shi. Daga batir ta taso kai tsaye."

"Zuwa ina?"

Ta bi sawunta har bayan motar, zuwa injin da ke jan sarƙar ɗaure rake. Nan ta tuna. Ranar Talata Deo ya zo shago yana faɗa, wai fis ɗin injin sarƙa sai yankewa yake a duka motocin. Ta ce masa injin ya fi ƙarfin wayar, ya jira mai kauri ta iso daga birnin Suva a jirgin ruwan Juma'a. Ya ce raken da aka ƙona aka sare ba ya jiran Juma'a.

Insfekta ya kira Deo. Deo ya rantse bai je shagon ba ranar Talata, yana gona. Fis kuwa, in an ɗora masa a tafin hannu ma ba zai gane shi ba.

"Wa kake ta nema a waya tun ɗazu, Baba?"

"Matata."

"Ina ɗaya motar?"

Deo ya ce ɗansa Ashneel ya fita da ita tun asuba, ɗaukar rake a can cikin tsaunuka, inda waya ba ta shiga.

Idan an cusa waya a wannan motar, to an cusa a waccan ma. Premila ta dubi Insfekta, shi ma ya fahimta. Ya umarci Kofur ta sanar da motar sintiri ta tare hanyar. Kofur ta ce motar sintirin tana garin Nabouwalu, tafiyar awa biyu.

Suka tsaya cikin rana. Motocin rake suna wucewa a hankali, direbobi na leƙowa. Kowace ta ɓullo daga kwana sai Premila ta duba ko hayaƙi na bin ta.

Wayar Deo ta yi ƙara. Insfekta ya riga shi kai hannu, ya buɗe murya kowa ya ji. Ashneel ne.

"Baba, na ga kiranka har sha huɗu. Ina kan gangare, mota cike. Wani wari nake ji kamar roba na ƙonewa."

"Tsaya! Ashneel, tsaya ka fita!"

"Ba wurin tsayawa, Baba, sai na sauka gada. Hayaƙi ya fara shigowa."

Premila ta matso tana cewa ya cire kan batir, amma Ashneel bai ji ta ba. Deo ya ƙwace wayar da hannu biyu.

"Ka ji ni, da ka tsaya ka buɗe bonet. Hannun hagu, ƙasan batir, akwai jar waya a cikin baƙar rigar nan, taku ɗaya daga kan batir. Fizge ta! Da tsumma, kada ka taɓa da hannu!"

Aka ji ƙarar birki, da ƙofa, da numfashi. Bayan minti guda Ashneel ya ce ya fizge, hayaƙin ya tsaya, tsumman ne kawai ya ƙone.

Deo ya zauna daɓas a kan kwalta.

Insfekta ya tsuguna gabansa. Ya ce wayar da suka gani a wannan motar ta ƙone ƙurmus, ba mai iya faɗin launinta, ta waccan kuma tana ɓoye cikin riga. "Kai da ba ka san fis ba, Baba, wa ya gaya maka ja ce?"

Deo bai ƙara musu ba. Ya ce shi ya yi, ranar Talata da yamma. Robar ma a teburin Premila ya ɗebo ta lokacin da ta juya baya, don aikin ya yi kama da nata. Kwana uku kawai yake so motocin su yi. Semesa ya yi masa ƙorafin wari tun jiya, shi kuma ya ce masa sabuwar roba ce, haka take yi.

Kofur Litia ta sa masa ankwa, ta kai shi mota.

Insfekta ya ce wa Premila za a sauke ta a shago, gobe ta zo ta ba da bayani a rubuce. Ta gyaɗa kai, ta tattara kayan aikinta.

"Yallaɓai, a fara kai ni gadar," ta ce. "Yaron nan zai iya cewa motar ta gyaru ya sake tayar da ita."