Kyamarar Da Ke Kallon Fanka

Sufeto ya tarar da ɗalibar tsaye a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, idanunta jajur. An buɗe cikin kwamfuta, an zare faifan da ke ɗauke da aikinta na shekara uku. Ga shi jibi za ta kare digirinta na uku.

"Aikin mene ne?" ya tambaya.

"Hanyar aika bidiyo ya isa tar, ko da netwok ya yi rauni. Ba sakamakon gwaji, ba digiri, yallaɓai!"

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Injiniya, da Farfesa mai duba aikina."

Injiniyan da ke kula da ɗakin ya rantse cewa ranar Asabar da abin ya faru, makullinsa na aljihunsa. Sufeto ya tura masa littafin masu gadi, inda aka rubuta fitarsa a ranar. Sai Injiniya ya sauya magana.

"Na fita da rana, na bar ƙofar a buɗe. Amma wallahi ban taɓa komai ba."

"Kyamarar tsaro fa?"

"Watanta biyu da mutuwa. Kowa a sashen nan ya sani."

Farfesa kuwa, mutumin da gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa, ko kujera bai nuna wa Sufeto ba.

"Rabona da ɗakin can shekara guda. Kuma wa zai saci shirme? Na sha gaya mata hanyarta ba ta aiki."

Ran Sufeto ya ɓaci, amma ya haɗiye. Ya koma ɗakin gwaji. A kusurwa ya lura da wata 'yar kyamara, ta saita wata fanka mai juyawa kusa da kwamfutar.

"Wannan fa?"

Ɗalibar ta ce, "Ta gwaji ce. Motsin fankar nake aikawa kullum, in ga yadda zai isa." Ta yi turus. "Yallaɓai, can laburare yake isa! Akwai kwamfutar da ke karɓa."

Bayan awa guda Sufeto ya ajiye laftof a teburin Farfesa, ɗalibar na bayansa. A bidiyon ranar Asabar, fanka na juyawa. Sai ga mutum ya sunkuyo riƙe da sukundireba, har tabon da ke gefen hancinsa ana gani, irin na Farfesa sak.

"Haɗi ne!" Farfesa ya daka tsawa. "Ai hoton yana cikin faifan da..."



"Ƙarasa mana," in ji Sufeto.

Da kyar Farfesa ya amsa cewa ya tura aikin wata mujalla da sunansa shi kaɗai. So yake a ɗage zaman jibi har takardar ta fito. Ya jawo durowa ya fito da faifan.

"Babi na uku, shafin farko," in ji ɗalibar cikin fushi. "Nan na rubuta inda hoton yake zuwa. Ko aikin da ka sata ba ka karanta ba!"

Sufeto ya kama hannunsa suka nufi ƙofa.

"Ranka ya daɗe," ta kira Farfesa. Ya waiwayo. Ta juyo masa da laftof ɗin. "Netwok ɗin ranar sanda ɗaya ne tak. Hanyar tana aiki ko ba ta aiki?"