Hutun Cin Abincin Auta

Auta ta faɗo ɗakin tana haki, rigar kamfani sharkaf da gumi, ga ciki ya fara turowa. Surukarta na bakin gado, ƙafafu a kumbure.

"Sai yanzu? Ina maganina?"

"Ki yi haƙuri Inna, sufabaiza ne ya riƙe mu."

Ita da mijinta Dogo kamfanin ɗinki ɗaya suke aiki, kekenta na kallon nasa, a nan ma soyayyarsu ta ƙullu. Ƙararrawa ɗaya ke sallamarsu hutun cin abinci. Dogo ya nemi inuwa ya miƙe ƙafa, ita kuwa ta ruga gida, ta ɗora tukunya, ta shafa wa Inna magani, ta koma ko loma ba ta kai baki ba. Wannan hutun kaɗai take da shi na zuwa awon ciki, sai awon ya bi ruwa.

"Dogo, filis, yau kai ka je wajen Inna. Kaina kamar zai tsage, ina so nas ta duba ni."

"Haba abar ƙaunata! Ni da tukunya? So kike abokai su mai da ni abin dariya? Gobe kya je."

Da ta gwada faɗa wa Inna, cewa ta yi, "Ɗana ya sha wuyar aiki, kuma ya zo ya yi girki?" Kamar ita Auta wasa take zuwa!

Washegari ta yanke jiki ta faɗi kan keken. Jininta ne ya hau. Ta farka a asibiti, ta shafa cikinta, ta ji wayam.

"Tun yaushe ƙafafunta suka kumbura haka?" nas ta tambayi Dogo.

Dogo ya dubi ƙafafun matarsa. Ya durƙusa yana kuka. "Ki yafe mini, Auta!"

Ta juya fuska bango, hawaye na jiƙa filo.

Ranar da ta koma aiki, ƙararrawa na kaɗawa ta miƙe zumbur. Dogo ya dafa kafaɗarta, ya ajiye mata kular abinci.

"Zauna ki ci. Inna ni ta haifa."

Ta ci, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

Haƙurinta ya dawo mata da miji, amma bai dawo da ɗa ba. Ku maza, ku surukai, har da ku masu kamfani: mace ma jiki gare ta. A raba wahalar tun tana tsaye da ƙafafunta!