Kututturen Kiryar Baba Tsoho

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Hajiya Hinda ta faɗo komisariya, ofishin 'yan sandan Magariya, tana huci.

"Ina Insifekta? An sace motar babana!"

Insifekta Zulai ta nuna mata kujera. Ina! Hajiya ba zama ya kawo ta ba.

Motar kuwa kowa ya san ta. Tsohuwar Pijo ce kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, wadda marigayi baban Hajiya ya yi jigilar gyaɗa da ita daga Guci shekara hamsin da suka wuce. Tsatsa ta cinye ta sai ƙashi. Shekara biyu cur Baba Tsoho, mai gyaran jikin mota, yana bugun ƙarfe da hannu yana mayar mata da jiki, ya sake mata katakon baya da maɗaci.

"Shi ya sayar da ita tsallaken iyaka," in ji Hajiya. "A bakin kasuwa na faɗa masa, kowa ya ji!"

Komisar ya ba da umarni a tsare tsohon. Litinin za a kai shi gaban shari'a, daga nan kuwa sai gidan kaso.

Kafin a rufe shi, Zulai ta tafi da shi garejinsa. Dattijo ne mai shekara saba'in, hannuwansa duk kanta.

"Baba, wa ke da makullin motar?"

"Ɗiyata, makulli na me? Ga injinta can kan benci, ban ɗora ba."

Zulai ta duƙa. Sawun taya ya fita ta ƙofar baya, a tsakaninsa kuma ga sawun kofato da ɗanyen kashin shanu. Ta yi murmushi. Ɓarawon mota da shanu, yau ta ga sabon salo.

Tana miƙewa ta yi tuntuɓe da wani kututture mai santsi.

"Wannan fa?"

"Kirya ce. Na sassaƙa ta daidai kafaɗar motar ta hagu, ƙarfen da ke rufe tayar gaba. A kanta nake kwantar da fallen ƙarfe in yi ta bugu har ya ɗauki siffa." Ya sa yatsa cikin wani ɗan rami. "Nan idon itacen ya fita. Ƙarfe ya faɗa ciki, na cike ta waje, amma ta ciki ƙululun yana nan. Kullum abin na damuna."

Zulai ta sa aka ɗauki kututturen.

Asabar da hantsi ta bi masu amalanke ɗaya bayan ɗaya. Na shida shi ne Saminu, mutumin Yekuwa.

"Jiya lokacin Juma'a me ka ɗauka?"

"Gero, ranki ya daɗe."

Ta ɗago igiyar amalankensa. Baƙin man mota ya shafe ta, ga ɓurɓushin jan fentin da ake fara shafa wa ƙarfe.

"Geron naka fenti ake masa?"

Saminu ya dubi igiyar. "Wallahi cewa ya yi tasa ce. Na ja ta bayan gari, aka ɗora ta kan kamiyo, babbar motar kaya, suka yi hanyar Dungas."

"Ya yake?"

"Dogo ne, bayan hannunsa duk tabon walda."

Lahadi Zulai ta shiga Dungas da jami'an tsaro na zandarma biyu, da Hajiya, da Baba Tsoho, kututture a bayan mota. Ba su sha wahalar nema ba. Jama'a sun yi cincirindo a garejin wani Inusa, dogo mai tabon walda a bayan hannu, ana kallon koriyar kat-san-kat tana ƙyalli, shi kuma yana ta baza haƙora.

"Malam Inusa, aikin wa ke nan?"

"Nawa mana, Madam. Wata takwas ina bugunta." Ya miƙo takardu. Na wata mota ne da ta daɗe da mutuwa, lambar jikin wannan kuwa an goge ta da zarto.

"Ita ce!" Hajiya ta yi ihu.

"Hajiya, kat-san-kat ai ba ɗaya ba ce a duniya," in ji Inusa. Wasu suka yi dariya.

Zulai ta danna babban yatsa a ƙofar motar, fenti ya biyo shi. Ta juya ga Inusa.

"A kan me ka bugi kafaɗar nan?"

"Da ido. Gwani ba ya neman ma'auni."

Baba Tsoho ya yi tsaki a hankali.

"To, gwani, kwance mana ta hagu."

Ya yi ta 'yan dabaru, wai sifana ta ɓata. Wani zandarma ya samo masa ita a aljihunsa. Aka kwance kafaɗar, aka sauke kututture a tsakiyar fili.

Zulai ta kifar da ƙarfen, ta nuna wa jama'a ƙululun da ke ciki, ta nuna musu ramin da ke jikin kirya.

"Baba, bismilla."

Tsoho ya karɓa. Ya kwantar da kafaɗar a kan kututture, ta zauna ɗas, kamar murfi a bakin tukunyarsa. Zulai ta nemi inda za ta zura takardar Inusa tsakanin ƙarfe da itace, ta zagaye kaf, babu.

"Allahu akbar!" Fili ya ɗauka.

Inusa ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ni na ɗauke ta," ya ce. "Shekara ashirin ina wannan sana'a, duk wanda ya samu aikin kirki sai a ce masa kai wa Tsoho na Magariya. Na je na gan ta wancan mako, barci ya gagare ni. So nake sau ɗaya a ce Inusa ne ya yi."

"Sau ɗaya kuwa za a faɗa," in ji Zulai, "gobe a gaban alƙali."

Aka sa masa ankwa, zandarma suka wuce da shi.

Hajiya ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ɗiyata, ya wuce."

"Bai wuce ba. A bakin kasuwa na kira ka ɓarawo, a can zan janye."

Haka kuwa aka yi. Litinin, a daidai sa'ar da za a kai Tsoho gaban shari'a, shanun Saminu suka ratsa kasuwar Magariya suna jan kat-san-kat. Tsoho na riƙe da sitiyari, kututture na zaune a gefensa. Hajiya na tafe a ƙasa, tana ɗaga murya: "Jama'a, ƙarya na yi masa! Ga mai aikin!" Mata suka ɗauki guɗa.

Zulai ta leƙa ta tagar motar. "Baba, har yanzu ramin nan na damunka?"

Tsoho ya sa yatsa a ciki, idonsa cike da hawaye, yana dariya.

"Ɗiyata, duk wanda ya cike mini shi, ke zan kawo wa ƙararsa."