Turke na Huɗu

Rana ta yi ja a bayan tankin ruwan maƙwabta lokacin da Ungozoma ta fito kwashe shanya. Haka kowa yake kiranta a unguwar, domin rabin yaran layin a hannunta suka faɗo duniya. Ta dawo daga aiki a gajiye, abinci yana kan wuta, 'yarta Auta tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da littafin lissafi a cinya, mijinta kuma, wanda ake ce wa Safiyo saboda shi ne mai auna filaye a ofishin gari, yana goge takalminsa. Yamma ce irin ta kullum.

Sai dutse ya faɗo cikin bahon wanki, ƙwal.

Ta ɗaga murya ta kan katanga. "Ku 'ya'yan nan, ni na yanke muku cibiya, kuma na san uwar kowa!"

Ba wanda ya yi dariya, ba ƙarar gudun ƙafa. Layin ya yi tsit, irin shirun da ba a saba ji ba a lokacin da yara suke komawa gida. Dutse na biyu ya sauka a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya daidai gaban takalmin da Safiyo yake gogewa. Ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa ƙafa ya ture shi ƙarƙashin kujera.

"Kwano ne yake saki bayan zafin rana," in ji shi.

"Yau na ji sabon ilimi," ta ce. "Kwano yana haihuwar duwatsu."

Washegari da magariba aka sake jifa, jibi ma haka. Kullum idan hasken rana ya janye daga saman katanga, duwatsu uku ko huɗu su faɗo, ba su taɓa samun kowa ba, amma ba su taɓa sauka nesa da Safiyo ba. Ungozoma mace ce da ba ta zubar da abin da ba ta gane ba. Ta riƙa tsince su tana tarawa a wani tsohon kwano.

A yamma ta huɗu Auta ta rufe littafinta, ta miƙe, ta tsaya a ƙofar madafa, ta haɗa dugaduganta kamar soja. Sannan ta fara takawa tana ƙirgawa, da wata murya mai kauri, busasshiya, ta tsohuwar da ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Tsakar gidan taku goma sha biyu ce. A na goma sha uku goshin yarinyar ya daki katanga. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ɗaga ƙafa tana saukewa a wuri ɗaya, goshinta yana gugar siminti, har ta kai arba'in. Ta juyo, ta koma ƙofar madafa, ta sake farawa.

Ungozoma ta riƙe ta, amma kamar ta riƙe motar da ta tashi. Yarinyar da ba ta iya ɗaga bokitin ruwa ita kaɗai ta ja uwarta har bango. Sai da duhu ya gama sauka ta zube, jini a goshi, ta yi barci kamar gawa.

Asibiti aka fara zuwa, domin Ungozoma ba ta tsallake mataki. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba. Auta ta daina cin abinci. Da rana tana kwance ido a rufe, da magariba ta tashi ta yi takunta arba'in. Uwar ta ɗaure matashin kai a jikin katangar, ta zauna tana kallon 'yarta tana zubewa kamar kyandir.

A rana ta bakwai da fara takun Auta, tana zaune ita kaɗai, ta juye kwanon duwatsun a kan faranti. A nan ta lura ba duwatsu ba ne, gutsattsarin siminti ne, kuma wasu suna da jan fenti a gefe guda. Ta fara haɗa su baki da baki, da haƙurin mai ɗinke rauni. Kafin la'asar abin ya fito: kan turken siminti ne irin wanda ake kafawa a iyakar fili, da tambarin gari a jiki, da lamba huɗu. Ƙusurwa ɗaya ce kawai babu.

Ta san turken. A gabanta aka kafa shi.

A ƙarshen unguwar akwai wani tsohon fili na ma'aikatar ruwa, mallakar gari, wanda ya shekara da shekaru ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da wani rusasshen ɗakin famfo. Shekara tara Ungozoma da matan unguwa suna sintiri a majalisar gari, suna roƙon a mayar da shi wurin wasan yara da ɗakin haihuwa, domin inda take aiki gado uku ne kacal, kuma ta sha karɓar haihuwa a kan benci. Bara majalisa ta amince, aka sauya wa filin amfani a takarda. Mijinta aka tura ya auna. Ya kafa turaku huɗu, kuma kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta ce, ya tsaya a kan kowane turke ya karanta iyakar da ƙarfi a gaban shaidu. Ranar nan ta dube shi cikin hular aikinsa, ta ji ba macen da ta kai ta sa'ar miji.

Ta yafa mayafi ta nufi filin. Turke na huɗu yana bayan ɗakin famfo ne, a bakin titi. Ba ta same shi a nan ba, sai rami da aka cike da ƙasa. Ta hango wani sabo can ciki, fentinsa ko dushewa bai fara ba. Ta tsaya a bakin ramin, ta haɗa dugaduganta, ta taka tana ƙirgawa. Arba'in cif. Yankin da aka yanke, mai ɗakin famfo da bakin titi, daidai wurin da taswira ta nuna ƙofar ɗakin haihuwa, an riga an jibge masa yashi da wani ƙaton tankin mai.

Da Safiyo ya dawo, farantin ya tarar a kan kujerarsa.

"Baban Auta, karanta mini lambar nan."

Ya kawar da kai.

"Ka iya karatu da ƙarfi ai. Na ji ka a gaban jama'a."

"Ba ki san yadda aiki yake ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shugaban kwamitin filaye na majalisa ne ya kira ni ofishinsa. Ƙaninsa yana son gidan mai a bakin titi. Ya ce ko in gyara taswira, ko a kawo wanda zai gyara, ni kuma a tura ni inda ko hanyar mota babu. Taku arba'in ne kawai, filin yana da girma."

"Taku arba'in ne kawai." Ta nuna katangar da matashin ya yi baƙi da jini. "Je ka faɗa wa goshin 'yarka. Shekara tara ina tsayawa a rana, ashe ɓarawon yana cin abinci a kwanona! Kwana bakwai kana kallonta tana ƙirga maka laifinka, kana ce mini kwano ne yake saki."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta tafi ta ɗauko Malam, wani dattijo abokin marigayi mahaifinta, wanda ya san karatu kuma ba ya son surutu. Ta faɗa masa komai a hanya, ba ta rufa wa mijinta asiri ko da kalma ɗaya ba.

Suka iso rana tana gab da faɗuwa. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai kan hanyar da Auta take bi. Ya zauna, ya ce Safiyo ya zauna a gefensa. Hasken ya janye daga katanga. Tsuntsayen da suke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya, gidan ya yi nauyi, har tafasar tukunya a madafa ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Auta ta fito, ta haɗa dugadugai, ta fara takawa. Malam ya fara karatu, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba. A taku na shida ta iso bakin tabarmar, ƙafarta ta tsaya a sama, tana rawa.

"Matsa, Malam," muryar ta ce. "Awo nake yi."

"Zauna, baiwar Allah. Wace ce ke?"

Yarinyar ta durƙushe kamar an danna ta. "Mai ɗakin famfo. Tun ba a kafa famfon ba nake wurin."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi mai igiyar awo." Idanun Auta suka juya kan ubanta, ba su ƙifta ba. "Ya zo da jama'a, ya tsaya a bayan ɗakina, ya ce duk wanda yake nan ya shaida. Ina nan, na shaida. Na ji an ce yara za su yi wasa, mata za su haihu. Na ce to, hayaniyar yara ba ta kashe kowa, na zauna da injin famfo shekara talatin, balle kukan jariri. Sai ga shi ranar hutu, da tsakar rana, shi kaɗai da guduma, yana waige-waige kamar ɓeran da ya ji motsi. A wannan karon bai kira shaidu ba. Yanzu za su haƙa rami a ɗakina su cika shi da mai."

Safiyo ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma kin bar mai laifi yana cin abincinsa, kin kama wadda ba ta san komai ba. Wannan shari'ar wace ƙasa ce?"

"Na jefe shi kwana uku, ya ture da ƙafa. Shi ma 'ya'yan wasu ya taɓa."

"Zaluncinsa ba ya wanke naki. Ki fita."

"Sai na ga an gina abin da aka karanta. Ina nan a jikinta har a sa rufi."

"Ginin hukuma?" Ungozoma ce ta yi magana, ba ta ma san ta matso ba. "Kafin su sa rufi na binne ta! Ke, saurara. Ɗakin haihuwar nan ni na yi shekara tara ina nemansa, ba ke ba. Ni aka fi cuta, kuma 'yata kika kama. In fushi ne, zo mu auna, ki ga na wa ya fi tsawo."

Malam ya ɗaga mata hannu, amma muryar ta yi wata gajeriyar dariya mara daɗi.

"Na san ki. Ke ce mai tsayawa a rana da takarda."  "To. Turke ya koma raminsa. Da rana, ba a ɓoye ba. Ya kira waɗanda ya kira da farko, ya faɗa da bakinsa wanda ya cire da wanda ya sa shi."

"Za su kore ni," Safiyo ya ce, da ƙyar.

Ba wanda ya dube shi.

"Za ki fita yanzu, ba gobe ba," in ji Malam, "kuma ba za ki sake shiga jikin kowa a gidan nan ba."

"Wa zai tsaya masa? Maganarsa ba ta kai nauyin fentin da ke kan turken ba."

"Ni," Ungozoma ta ce. "In bai ɗauki turken ba, ni zan ɗauka, in karanta sunansa a kai."

Malam ya ci gaba da karatu, muryarsa ta ɗan ɗaga. Auta ta yi wata doguwar atishawa, jikinta ya saki, ta kife a cinyar uwarta. Can ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, siririya, "Umma, kaina yana ciwo. Akwai abinci?"

Washegari da hantsi Safiyo ya fito da sabon turken da ya tumɓuke a kafaɗa, matarsa tana bayansa da farantin gutsattsarin a kai, a buɗe. Tun asuba ta bi gida-gida, don haka matan unguwa sun riga su isa filin, da goyo da jikoki, har da akawun majalisa da ta je ta tsare a ƙofar ofis. Ya tone ramin, ya kafa turken, ya tsaya a kansa. Da ya fara magana muryarsa ba ta fita.

"Ɗaga murya, Safiyo," wata tsohuwa ta ce. "Wancan karon har bakin kasuwa an ji ka."

Ya ɗaga. Ya faɗi ranar, ya faɗi gudumar, ya faɗi wanda ya kira shi ofis. Akawu yana rubutawa.

Kafin mako ya zagayo aka zo aka ɗauke tankin man. Kafin wata ya ƙare aka ba Safiyo takardar dakatarwa, shugaban kwamiti kuwa yana nan a kujerarsa, ana cewa ana bincike. Ba a sake jifa ba. Goshin Auta ya warke, ya bar ɗan tabo, kuma ba ta tuna komai.

Ranar da aka fara haƙa harsashin ɗakin haihuwa, Ungozoma ta fito kwashe shanya da yamma, ta ga wani abu a kan dokin ƙofa, an ajiye shi a tsanake, ba jefowa aka yi ba. Ƙusurwar nan ce da ta rasa, da ɗan jan fentinta. Ta ɗauka, ta goge da bakin zane, ta shiga ɗaki inda mijinta yake jiran abinci. Ta ajiye masa kwanonsa, ta ajiye gutsuren a gefen kwanon.

Ya dube shi, ya dube ta. "Maman Auta, har yaushe?"

"Har a sa rufi," ta ce.