Durƙuson Taufiƙ

"Kada ka durƙusa masa, Taufiƙ... don Allah."

Afra'u ce ke kuka a bayan shagon ɗinkin yayarta, takunkumin korona ya jiƙe sharkaf da hawaye. Saurayinta Taufiƙ, ɗan ƙwallon nan da ƙungiyarsu ta sallama tun da aka rufe filaye, ya jingina da bango yana tausa gwiwa.

Gwiwar nan ita ce gonarsa. Ta daɗe tana ciwo, sai wani dokta a unguwar Elig-Edzoa ya ɗebi jininsa, ya juya shi a inji, ya tsira masa ruwan a gwiwar, wai jinin mutum shi ke ɗinke masa jijiya. Sharaɗi ɗaya: kada ya lanƙwasa ta sai ta warke. In ta warke, wata ƙungiya a Douala na jiransa.

Ga shi gobe zai je gaida baban Afra'u, Malam Garga. Awalu mahauci kuwa, da ke mutuwar son Afra'u, tuni ya kai tsire da gulma gidan, wai yaron girman kai gare shi, ko liman a tsaye yake gaishe shi.

"Ka gaya wa Baba gaskiya, sheri, masoyina."

"In ce masa ƙafata ta lalace? Wa zai ba gurgu 'yarsa?"

"Ni na ba ka kaina..."

"Ba ke ke bayarwa ba, hasken idona."

Washegari ya durƙusa, har ƙasa. Mu maƙwabta da ke leƙe ta katanga mun ji ƙas, kamar an karya rake. Malam kuwa ya ja gaisuwa da gangan: ya gida, ya annobar nan, ya mutanen Garoua ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka binne tuntuni. Zufa na tsiyaya, yaro na ta "lafiya lau".

"Ashe ƙarya aka yi maka," in ji Malam. "Na ba ka ita. Tashi."

Tashin da bai yi ba ke nan. Cak aka ɗauke shi zuwa taksi.

Dokta ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan ta fi ƙarfin allura. Douala ta ɗauki wani.

An ɗaura aure, ba kiɗa, ba taro. Yanzu Taufiƙ yana kasuwar Mokolo, ƙafa a miƙe kan benci, yana sayar da rigunan ƙwallo masu sunayen wasu.

Afra'u kuwa, tun daga ranar, a tsaye take gaida babanta.