Dutsen Murhu na Uku

Ku matso nan, ku rage murya.

An yi wani mutum, Isuhu, masanin duwatsu. Aikinsa bin koguna can yamma, wajen Yawuri, yana fasa dutse da guduma don ya ga abin da ƙasa ta ɓoye. Ba ya tafiya da kowa, wai mutane surutu gare su.

Ran nan da rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa, ya iske baƙaƙen duwatsu uku a bakin ruwa, suna fuskantar juna. Ba toka, ba sawu. Ya ɗauki ɗaya, ya ji shi da ɗumi. Ko bisimilla bai yi ba, ya sa guduma ya raba shi biyu.

Sai ya ji tukunya ta kife. Ƙanshin miyar kuka ya tashi, alhali babu gida ko ɗaya a wurin.

Yana waiwayawa, ga tsohuwa tsaye riƙe da ludayi. Bakinta a rufe. Muryar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Dugaduganta na gaba, yatsun suna kallon baya.

"Ɗan gidan uban wa ya fasa mini murhu?"

Ya ce Iya ta yi haƙuri, zai kawo wani, ga duwatsu nan birjik. Ta ce wannan kakarta ce ta kafa shi tun kogin bai san hanyarsa ba, kuma 'ya'yanta tun jiya ba su ci ba. Isuhu ya ji ƙananan numfashi sun kewaye shi, daidai gwiwarsa.

"A kan me zan ɗora?" in ji ta. "Ko ka zama na ukun, ko kai ne naman miyar."

Ya durƙusa, ya dunƙule hannun dama, ya sa a gurbin dutsen. Nauyin tukunya ya sauka a kai. Wuta ta kama, irin wadda ido ba ya gani. Ta ce in ya motsa miya ta zube, tasa ta ƙare. Ya ciji leɓe. Ita kuwa ba ta sauri, har da ɗanɗana gishiri.

Sai da inuwa ta karkata ta sauke tukunya.

"Tashi ka tafi. Gobe ma muna girki."

Masunta ne suka tsince shi yashe a bakin ruwan. Hannun ya yi baƙi, ya ƙi buɗewa, bai sake riƙe guduma ba. Har ya mutu, kullum rana ta take tsaka sai hannun ya ɗau zafi, ya danne shi ƙasa, ɗakinsa ya cika da ƙanshin miyar kuka.

In kun ga dutse uku a daji, ku yi sallama ku kewaye. Kuma kada in ji ɗayanku ya bi bakin kogi shi kaɗai. Ku tashi ku kwanta.